Hajiya Ta Daina Faɗa

Kafin ta tafi aikin hajji, babu sunan da ake kiranta da shi a gidan burodin sai Lasifika, kuma a gaban idonta ake kiran. Ita ce shugabar masu kwaɓi, mace gajera mai faɗin kafaɗa, wadda idan ta buɗe baki a cikin ɗakin kwaɓi har mai facin taya na tsallaken titi yakan san wanda ya bar buhun fulawa a buɗe. Ɗakin kuwa ba wurin raɗa ba ne. Janareto yana ruri a bayan bango, injin kwaɓi yana nasa, injin murji yana nasa, gwangwanayen burodi suna karo da juna tun daga asuba har a sauke tanderun ƙarshe. A cikin wannan hayaniya muryarta ce kaɗai take ratsawa, kuma ba ta zuwa ita kaɗai, sai da 'yan rakiya: sakarai, shashasha, wanda aka raba hankali yana barci. Ta taɓa sa wani ƙato mai gemu ya fita waje yana share hawaye da gefen riga, wai hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Ko ƙanwarta ba ta tsira ba. Auta ake ce mata, ita ce ƙaramarsu a wajen uwa da uba, ko da yake yanzu ita ma uwar 'ya'ya ce har da mai shirin gama sakandare. Ita take kan injin murji. Aikin ba shi da wuyar ganewa: ƙarafa ne guda biyu masu kauri suna juyawa suna fuskantar juna, sai ta cusa kwaɓin a tsakaninsu, ya fito ta ƙasa a shimfiɗe, ta ninke shi ta sake cusawa, har ya yi santsi ya yi laushi. Auta mai hira ce, hannu yana aiki baki yana nasa, kuma a rana takan sha kira fiye da kowa. Idan aka ce mata yayarta ta cika faɗa, sai ta yi dariya ta ce ai ita tun a goye take jin wannan rediyo.

Lasifika ta daɗe tana tanadin wannan tafiya, kuma da Allah ya nufa ta je, ta ga abin da baki ba ya iya faɗa. Malamin da ke tare da ayarinsu ya gaya musu wata magana da ta zauna mata a ƙirji, cewa alamar hajji karɓaɓɓe ita ce mutum ya koma gida ba yadda ya baro shi ba. Ranar tsayuwar alhazai a fili, da rana ta karkata, mutane suka ɗaga hannu kowa da abin da ya dame shi, sai fuskoki suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya. Mai gemun nan, da yarinyar da ta bar aiki saboda ita, da maigidanta, da 'ya'yanta, da Auta. Ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba ko a mutuwar mahaifiyarsu. A nan ta ɗauki alkawari, ta ce, "Ya Ubangiji, wannan harshen na bar shi a nan. In ka mai da ni gida, ba zan ƙara ɗaga wa bawanka murya ba." Da ta shafa addu'ar sai ta ji jikinta sakayau, kamar an sauke mata buhu daga ka. Ta tabbata a ranta an karɓa, kuma ta ƙudurta cewa muddin ta riƙe wannan alkawari, hajjinta yana nan a hannunta.

Ta dawo gida sunanta ya koma Hajiya. 'Yan sannu da zuwa suka cika falo, ta riƙa amsa gaisuwa da wata murya ƙasa-ƙasa da sai an matso ake ji. Da jikanta ya kifar da kofin shayi a kan sabuwar darduma, duk ɗakin aka yi tsit ana jiran saukar aradu, sai ta ce, "Ba komai, Allah ya yi maka albarka, ɗauko tsumma." Maigidanta, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi, ya sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza.

Ya ce, "Hajiya, ko dai an yi mana musanye ne a filin jirgi? In tawa tana can, a taimaka a dawo mini da ita, na saba."

Ta yi murmushi ta ce, "Malam, waccan ta mutu. Ka yi mata addu'a."

A gidan burodi ma da farko murna aka yi. Ma'aikata suka ce lallai hajji gaskiya ne, tunda ya iya kashe Lasifika. Ta riƙa zagaya ɗakin kwaɓi da carbi a aljihun rigar aiki, idan ta ga abin da bai yi mata ba sai ta tako har gaban mutum, ta ce, "Bawan Allah, don Allah a gyara." Mutum ya ce to, Hajiya. Wani lokacin ya gyara, wani lokacin ya jira ta juya baya. Sannu a hankali suka fara cin karensu babu babbaka. Mai tanderu ya ƙona burodi saboda yana amsa waya. Man da ake shafa wa gwangwanaye ya zube a ƙasa ya wuni ba a goge ba. Masu ɗaura ɗankwali suka koma ɗaurin gayu, masu naɗe hannun riga suka daina naɗewa. Tana gani, ranta yana tafasa, kalmomi suna taruwa a maƙogwaronta har da 'yan rakiyarsu, sai ta haɗiye, ta laluba carbi.

Da hutu ya ƙare makarantu suka koma, masu sari suka ƙaru, sai Manaja ya sa aka kwance murfin injin murji. Wani ƙarfe ne mai raga da ke tare bakin ƙarafan nan biyu, yana barin kwaɓi ya wuce amma yana hana hannu kaiwa. Da shi sai an yanka kwaɓin ƙanana, ba shi kuwa ana iya jefa babban curi gaba ɗaya, aiki ya yi sauri. Manaja ya taɓa gwada kwance shi a shekarun baya, Lasifika ta bi shi har ofis da murfin a hannu, kuma waɗanda suka ji abin da ta gaya masa ranar har yanzu ba sa maimaitawa a gaban yara. Wannan karon Hajiya ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta yi sallama, ta jira aka ba ta izini.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, murfin nan da aka cire, ina ganin da an mayar da ya fi."

Ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya. In sha Allahu da zarar aiki ya lafa. A dai riƙa sa mu a addu'a, ku da kuka dawo da sabon lada."

Ta ce Allah ya sa mu dace, ta fito, ta ja masa ƙofa a hankali.

Akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba. Daɗin nan da ta dawo da shi ya fara tsiyayewa. A makonnin farko da ta ta da kabbara sai hawaye, yanzu kuwa tana cikin ruku'u sai ta tsinci kanta tana lissafin ko yis zai kai ƙarshen mako. Takan yi sallar azahar a ɗan lungun da ke bayan sito, a kan kwalin da aka shimfiɗa, janareto yana girgiza bango, ta rufe ido ta nemi filin nan da ranar nan, ta ga babu komai sai warin man dizal. Abin ya ba ta tsoro ƙwarai. Sai ta ga ai abu ɗaya ne ya rage mata daga can wanda take iya riƙewa da hannu, shi ne shirun nan, don haka ta ƙara damƙe shi.

Wata rana suna wanke hannu a bakin famfo bayan an tashi, Auta ta ce, "Yaya, ki yi magana mana. Ɗakin nan ya zama kasuwa."

Hajiya ta ce, "Ai ina yi."

"Kina yi, amma wa yake ji? Jiya sai da na ga bakinki yana motsi na san da ni kike."

"Auta, na yi wa Allah alkawari. So kike in zubar da abin da na je na ɗebo, saboda burodi?"

Auta ta yarfe ruwan hannunta ta ce, "A'a, ni wace ce? Allah ya bar mana ke a haka." Ta ja jakarta suka tafi neman mota.

Ranar da abin ya faru safiya ce kamar kowace. Ana tsakiyar kwaɓi na biyu, masu sari sun fara taruwa a waje suna buga ƙofa. Hajiya tana can ƙarshen ɗakin wajen sikeli tana duba nauyin curi, da ta ɗaga kai sai idonta ya sauka a kan Auta. Auta ta naɗe tsumman goge hannu a hannunta na dama, bakin tsumman yana reto, ta juya kai tana ba wata labari ta kan kafaɗa, hannun kuma yana tura kwaɓi shi kaɗai yana matsawa bakin ƙarafan.

Kiran ya taso mata tun daga ciki, cikakke, irin na da. Ya iso har bakinta. Sai ta ji abin da ke biye da shi, ke sakarya, ke mara hankali, ta datse haƙora. Ta ce a ranta bari ta je ta taɓa kafaɗarta. Ta ajiye curin, ta kewaye teburin, ta ɗaga ƙafa ta tsallake man da ke ƙasa, tana tafe tana shirya kalma mai laushi, Auta don Allah ki kula. Ba ta kai rabin ɗakin ba ƙarafan suka kama bakin tsumman.

Nan muryar ta fito. "A kashe! A kashe injin!" Ta fito da ƙarfin da ya sa mai tanderu ya yar da tire, wanda ke kusa da makunni ya kai masa duka da tafin hannu, masu sari a waje suka yi tsit. Injin ya tsaya. Amma ihu ne bayan hari.

A asibiti likita ya fito ya ce sun ceci babban yatsa da manuni, sauran ukun babu yadda za a yi. Hajiya ta ce Inna lillahi, ta zauna a kan bencin da ke baranda, fulawa har gira, rigar aikinta da jinin ƙanwarta a gaba. Mutane suna wucewa suna yi mata sannu. Manaja ya zo ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa, ta dube shi kawai har ya rasa inda zai sa idonsa ya ce bari ya je wajen magani.

Washegari da rana aka bar ta ta shiga. Auta tana kwance an ɗaga hannun a kan matashi, an naɗe shi ya yi girman kan jariri. Ta rame a kwana ɗaya. Hajiya ta ja kujera ta zauna, ta buɗe kwanon abincin da ta kawo, ta rufe, ta sake buɗewa.

Ta ce, "Na gan ki, Auta. Tun kafin ya kama na gan ki. Ina tahowa ne."

Auta ta ce, "Na sani. An gaya mini."

"Me ya sa ba ki duba ba? Shekara nawa kina kan injin nan?"

Auta ta kai ido kan silin. Da ta yi magana babu fushi a muryarta, kamar mai ba da labarin farashin kaya.

Ta ce, "Yaya, ni fa ban taɓa kallon injin nan ba. Ke nake saurare. Tun ranar da kika kawo ni aikin, in hannuna ya matsa sai in ji ke Auta, in janye. Haka na iya aikin, ban iya shi wata hanya ba. Duk ɗakin ma haka ne, ki tambaye su. Jiya da ban ji komai ba, sai na ɗauka lafiya lau nake."

Hajiya ta jawo kwanon kusa. Ta ɗebo abinci a cokali ta kai mata baki, Auta ta karɓa ta tauna a hankali. Can aka kira sallar la'asar daga wani masallaci a bayan katangar asibitin, Auta ta yunƙura za ta tashi, ta dubi hannun, ta dubi butar da ke ƙarƙashin gado. Hajiya ta ɗauko butar da roba, ta durƙusa. Ta wanke mata hannun hagu, ta tara mata ruwa a tafinta ta kurkure baki, ta wanke mata fuska kamar yadda take yi mata suna yara, ta ɗora jiƙaƙƙen hannu a kan bandejin ta shafa sama-sama, ta sauko ta wanke ƙafafun tana bin tsakanin yatsu. Ba ta ji wani daɗi ya sauko mata ba, ba ta ji sakayau ba. Gwiwoyinta ne kawai suke ciwo a kan siminti, kuma ruwan ya jiƙa mata zani.

A gida ta tarar da maigidanta a ƙofar ɗaki yana gyaran wata tsohuwar fanka. Ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Malam, na ɗaga murya jiya. Kuma da na ɗaga da wuri da yatsun Auta suna nan. To wanne ne laifin? In na koma ina ihu, hajjin nawa fa?"

Ya ajiye sukundireba ya dube ta da kyau. Wannan karon bai yi wasa ba.

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Hajiya. Wanda kika yi wa alkawarin shi ya san abin da ya karɓa, kuma ba a aiko wa kowa da rasit. Ki je ki ci abinci, tun jiya ba ki sa komai a cikinki ba."

Ta so ya ce mata wani abu da ya fi haka, ko ya ce hajjin nata yana nan, ko ya ce ya tafi. Ta shiga ciki ta zauna a bakin gado da mayafinta a jiki.

Da ta koma aiki, sito ta fara shiga. Ta tarar da murfin a jingine bayan buhunan sukari, ta ɗauko shi ta kawo tsakiyar ɗakin kwaɓi ta dire a kan tebur, ta aika a kira Manaja. Ya zo yana cewa Hajiya ai da kin bari mun yi magana a ofis. Ta ce a nan za a yi, kuma ta faɗa da muryar da ta sa na bakin ƙofa suka leƙo. Ta ce injin nan ba zai juya ba sai an ɗaura murfin, in kuwa yana gaggawa ga kwaɓi ga ƙarafa, ya naɗe hannun rigarsa ya cusa da kansa. Ta ce Auta za ta dawo ta zauna a kan sikeli da cikakken albashinta. 'Yan rakiyar nan na da sun zo mata har bakin leɓe, suna turereniya, kuma Allah ya sani Manaja ya cancanci ko da guda biyu daga ciki. Ta mayar da su. Da ƙyar ta mayar, sai da ta ji gumi yana bin bayanta. Manaja ya dubi fuskokin ma'aikata, ya ce a nemo makaniki.

Kafin hantsi an ɗaura murfin, injin ya tashi, hayaniya ta koma yadda take. Mai gemun nan aka ɗora a kan murji a madadin Auta. Hajiya ta bar sikeli ta tsaya a tsakiyar ɗakin inda take ganin kowa. Ba a daɗe ba wani curi ya maƙale a ragar, ta ga mutumin ya karkata yana zura yatsu ta gefen murfin zai ciro shi, injin yana juyawa.

"Hannunka!"

Ya yi tsalle baya har ya buge tiren da ke bayansa, gwangwanaye suka watse a ƙasa. Ya tsaya yana haki yana duban yatsunsa. Sai ya sunkuya yana tsince gwangwanayen, ya ce wa na kusa da shi, a ganinsa a hankali, "Ka ji ta ko? Hali zanen dutse. Ashe hajjin bai kama ba."

Ta ji shi sarai. Maganar ta shige ta har ƙashi, don ita ce maganar da ta kwana tana gaya wa kanta. Idanunta suka kawo ruwa, ta goge da bayan hannu, fulawa ta shafe mata kunci. Ta ce a kashe injin a ciro curin, sannan a kunna. Ta gyara tsayuwa ta ci gaba da kallon hannuwansu.